Shekara uku da wata tara babu sabon kiɗa: nazarin lamarin wani ɗan Hangari da ya yi hijira zuwa Amurka

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan ƙasar Hangari ne, malamin piyano kuma mai tsara kiɗa. Ba za a kama sunansa ba, za a riƙa ce masa malamin. Ya sauka birnin New York a ƙarshen Oktoba 1940 yana da shekara 59, kuma a lokacin babu babban birnin Turai da ba a san aikinsa ba. Daga Nuwamba 1939 zuwa Agusta 1943 bai rubuta sabon kiɗa ko ɗaya ba, sai gyaran tsofaffi. A cikin waɗannan shekaru kuɗi ya yi masa ƙaranci, ciwo kuma ya kama shi. Abin da za a bi a nan ke nan: yadda abin ya faro, abin da aka gwada, da inda aka kwana.

Asali: 1881 zuwa 1932

An haife shi ranar 25 ga Maris 1881 a wani ƙaramin gari da yake cikin Hangari a wancan zamani, yanzu kuwa yana cikin Romaniya. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara bakwai. Mahaifiyarsa, malamar makaranta, ita ta fara koya masa piyano, ita kuma ta yi ta yawo da 'ya'yanta gari gari tana neman abin da za ta riƙe su. Ya yi karatu a makarantar koyon kiɗa ta Budapest daga 1899 zuwa 1903, a 1907 kuma makarantar ta ɗauke shi koyar da piyano.

A 1904 ya ji wata yarinya 'yar aiki daga yankin Transilbaniya tana rera waƙar ƙauyensu. Waƙar ba ta yi kama da abin da mutanen birni suke kira kiɗan Hangari ba, wanda ake kaɗawa a gidajen cin abinci. Daga 1906 shi da abokinsa Zoltán Kodály suka shiga ƙauyuka ɗauke da garmaho irin na Edison, mai ɗaukar murya a kan faifan kaki mai siffar gwangwani. Faifai ɗaya mintuna kaɗan yake ɗauka. Aikin ba mai sauƙi ba ne. Malamin ya kan zauna gaban tsohuwa yana roƙonta waƙar da ta koya wurin kakarta, ita kuwa ta dage sai ta rera masa ta coci ko wadda ta shigo daga birni, domin a ganinta ita ce ta dace da baƙo mai kwat. In ya dawo gida sai ya sa faifan, ya rage masa gudu, ya rubuta kowace karyar murya da kowane jan numfashi da alamomin kiɗa.

Ta haka ya tara dubban waƙoƙi na Hangariyawa da Sulobakiyawa da Romaniyawa. A 1913 ya tsallaka zuwa Biskra a Aljeriya ya ɗauki kiɗan Larabawan ƙauyukan wurin, a 1932 kuma ya halarci babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira. Ya taɓa bayyana cewa mai tsara kiɗa yana iya ɗaukar waƙar ƙauye ya yi mata ado, yana iya ƙirƙirar tasa mai kama da ita, amma matakin ƙarshe shi ne waƙar ta zame masa kamar harshen da ya sha a nono, ya yi magana da ita ba tare da ya ari jimlar kowa ba. Manyan ayyukansa a kan wannan mataki na uku suke.

Mafarin matsala: 1933 zuwa Oktoba 1940

A Janairu 1933 ya kaɗa piyano a Frankfurt, kwanaki kaɗan kafin Hitler ya hau mulki. Bai ƙara yin wasa a Jamus ba, da gangan. Jamus kuwa ita ce babbar kasuwar irin wannan kiɗa. A 1934 ya bar koyarwa ya koma cibiyar binciken kimiyya ta Hangari, inda aka ba shi aikin tsara waƙoƙin gargajiyar da aka tara domin a buga su. Aikin da ya daɗe yana fata ke nan. A 1936 ya je kudancin Turkiyya, yankin Adana, ya ɗauki waƙoƙin makiyaya. Abin da ya dame shi a wannan tafiya shi ne a ƙauyukan bai samu mata sun rera masa ba.

A Maris 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya. Kamfanin da ke buga ayyukansa, Universal Edition, yana Biyana, sai ya faɗa hannun 'yan Nazi. Aka aiko wa masu kiɗa takardar tambayar asalin jininsu, shi da Kodály suka ƙi cikawa. Ya koma kamfanin Boosey & Hawkes na Landan, ya fara fitar da rubuce-rubucensa na hannu zuwa Suwizalan. Abin da ya riƙe shi a gida mahaifiyarsa ce, wadda ta tsufa ƙwarai. A Nuwamba 1939 ya kammala kiɗansa na shida na masu goge huɗu, a Disamba ta rasu. Daga nan alƙalaminsa ya tsaya.

Ya je Amurka a Afrilu 1940 ya yi wasanni ya ga yadda ƙasar take, ya dawo ya yi shiri. A farkon Oktoba ya rubuta wasiyya, a ciki ya ce kada a sa sunansa a kan wani titi ko dandali a Hangari muddin akwai dandalin da ke ɗauke da sunan Hitler ko Musolini a Budapest. Ranar 8 ga Oktoba shi da matarsa, wadda ita ma gwanar piyano ce, suka yi wasan bankwana. Suka bi ta Suwizalan da Faransa da Sifen zuwa Lisbon, suka hau jirgin ruwa. Kayansu sun maƙale a hanya, ba su iso ba sai bayan wata uku da wani abu. Faifan kakin da ya tara tun 1906 suna Budapest. Babban ɗansa ma can ya zauna. Babu wanda ya kore shi, shi ya zaɓi tafiya. Ranar 20 ga Nuwamba 1940 Hangari ta shiga ƙawancen Jamus da Italiya da Japan.

Gwaji na farko: wasan piyano, 1940 zuwa Janairu 1943

Lissafin da suka yi tun daga gida shi ne za su rayu da wasan piyano biyu, shi da matarsa. A kakar farko an samu gayyata daidai gwargwado. Masu sharhi a jaridu ba su yaba sosai ba. Malamin mutum ne siriri marar yawan magana, yana fitowa ya zauna ya kaɗa ya tashi, ba ya neman burge kowa, kuma ya fi son kaɗa sababbin abubuwan da kunnen jama'a bai saba da su ba. A kaka ta biyu gayyatar ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba.

Sauran hanyoyin kuɗi ma suka toshe. A Disamba 1941 Hangari ta ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka, fanshonsa na gida ya daina isowa. Kuɗin haƙƙin mallakar ayyukansa daga ƙasashen da Jamus ta mamaye ya yanke, wanda yake zuwa ta Landan kuma haraji ya cinye kaso mai yawa.

Birnin kansa ya yi masa nauyi. Mutum ne da ƙaramar ƙara take hana shi aiki, ga shi a garin da rediyon maƙwabta da motoci ba sa yin shiru. Ya rubuta wa 'ya'yansa yadda shi da matarsa suka yi awa uku suna kai da kawo cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, suka koma gida ba su kai inda za su ba. Sun fara zama a Forest Hills, suka koma Riverdale inda ya fi shiru. A ƙarshen 1942 ya rubuta wa wata tsohuwar ɗalibarsa cewa a ganinsa aikinsa na tsara kiɗa ya ƙare, domin manyan ƙungiyoyin makaɗa sun yi kamar sun ƙaurace wa ayyukansa. Ranakun 21 da 22 ga Janairu 1943 shi da matarsa suka yi wasa da ƙungiyar makaɗan New York, Fritz Reiner yana jagoranta. Bai sake hawa dandamali ba.

Gwaji na biyu: aikin jami'a, 1941 zuwa 1943

Jami'ar Columbia ta ba shi digirin girmamawa a Nuwamba 1940, sannan ta ɗauke shi aikin bincike a kan dala 3,000 a shekara, ana sabunta wa'adin bayan kowane wata shida. Ya fara a Maris 1941. Aikin shi ne rubuta waƙoƙin da wani masanin jami'ar Harvard, Milman Parry, ya ɗauka a Yugoslabiya a kan faifan alminiyom kafin rasuwarsa a 1935. Faifan suna da yawa ƙwarai, kuma babu wanda ya taɓa zama ya rubuta karin muryoyin da ke ciki. Malamin ya zaɓi waƙoƙin mata, ya rubuta guda 75, ya haɗa da dogon bayani a kan tsarinsu. Abin da ya rasa a Turkiyya a 1936, wato muryar mata a cikin gidajensu, ya same shi a wani ɗaki a New York, da na'urar saurare a kunne.

Ya ji daɗin aikin, yana kuma yinsa da natsuwar da ya saba. A gida yana ta tsabtace kundin waƙoƙin Romaniyawa da na Turkiyya da ya zo da su. Sai dai kuɗin jami'ar ya ƙare a ƙarshen 1942. Abokansa suka tara wani abu a asirce suka bi ta hannun jami'ar domin a ƙara masa wa'adi, saboda sun san in aka miƙa masa hannu da hannu zai mayar.

An yi masa tayin koyar da tsara kiɗa, ya ƙi. Tun yana gida piyano kawai yake koyarwa, yana ganin tsara kiɗa ba abin koyarwa ba ne, kuma koyar da shi zai ɓata masa nasa. Jami'ar Washington da ke Seattle ta gayyace shi ya yi bincike a kan waƙoƙin 'yan asalin Amurka, ya yi ta ɗagawa har abin bai yiwu ba.

Ciwo: Afrilu 1942 zuwa Mayu 1943

Da farko kafaɗarsa ta dama ce ta riƙa ciwo. Daga Afrilu 1942 zazzaɓi ya fara zuwar masa kowace yamma. Likitoci suka yi ta gwaji ba su gano kansa ba. A wannan watan ne ƙaramin ɗansa ya iso daga Turai, daga baya ya shiga sojan ruwan Amurka.

A Fabrairu 1943 ya fara jerin laccoci a Harvard. Uku ya gabatar, jiki ya ƙi. Aka kwantar da shi a asibiti, nauyinsa ya sauka har bai cika kilo 40 ba. Harvard ta biya kuɗin gwajin farko. An yi zaton tsohon tarin fuka ne ya tashi, an kuma ambaci wata cutar yawan jini. Ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa da masu tsara kiɗa ta Amurka, ASCAP, ta ɗauki nauyin jinyarsa duk da cewa shi ba ɗan ƙungiyar ba ne. Ya karɓa da ƙyar.

Juyin lamari: Mayu zuwa Oktoba 1943

'Yan ƙasarsa biyu da ke Amurka, Joseph Szigeti mai gogen Turawa da Fritz Reiner, suka je wurin Serge Koussevitzky, jagoran ƙungiyar makaɗan Boston. Koussevitzky ya kafa gidauniya don tunawa da matarsa Natalie da ta rasu, gidauniyar tana biyan masu tsara kiɗa su rubuta sabon aiki. Suka roƙe shi abu biyu: ya ba malamin aiki, kuma kada ya bari ya san su suka kawo maganar.

A Mayu 1943 Koussevitzky ya je asibitin da kansa. Ya ce gidauniya tana son kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, lada dala 1,000. Malamin, yana kwance, ya ce ba zai karɓi kuɗin aikin da bai san ko zai iya gamawa ba. Koussevitzky ya nuna masa cewa gidauniya ta riga ta yanke, ya ajiye masa cakin rabin kuɗin ya tafi.

ASCAP ta kai shi Saranac Lake, wani gari cikin duwatsun arewacin jihar New York da aka san shi da jinyar masu tarin fuka. Wuri ne mai iska da bishiyoyi, babu hayaniya. Zazzaɓin ya lafa. Ya fara rubutu ranar 15 ga Agusta, ya gama ranar 8 ga Oktoba, kwana 55, a daidai ranar da ya cika shekara uku da wasan bankwana na Budapest. Aikin shi ne Concerto for Orchestra, kashi biyar.

Wanda ya san tarihin mutumin zai ji ƙauyukan a ciki. Kashi na biyu ƙaramar ganga ce take buɗe shi, sai kayan busa su riƙa shigowa bibbiyu, kowane biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazarar murya tasu ta daban, kamar 'yan rawa da ke shiga fili biyu biyu. Na uku makoki ne. A na huɗu akwai wani kari mai taushi da ya ɗauko daga wata sananniyar waƙar yabon ƙasar Hangari, sai wani kiɗa mai gatsali ya katse shi, sannan karin ya dawo a hankali. Na biyar gudu ne irin na rawar ƙauyen Romaniya, har da kwaikwayon algaita mai salka. Shi da kansa ya bayyana cewa aikin yana tafiya ne daga tsananin kashi na farko da makokin na uku zuwa tabbatar da rayuwa a na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya: Nuwamba 1943 zuwa Satumba 1945

A Nuwamba 1943 ya haɗu da Yehudi Menuhin, gwanin gogen Turawa, wanda ya nemi ya rubuta masa kiɗan goge ɗaya tilo. ASCAP ta tura shi Asheville a jihar North Carolina ya yi hunturu, can ya gama aikin ranar 14 ga Maris 1944. A can ne kuma ya riƙa fita da takarda yana rubuta kukan tsuntsayen dajin, yadda ya saba rubuta waƙar tsofaffin ƙauye. A bazarar 1944 likitoci suka tabbatar sankarar jini ce. Ba su gaya masa ba.

Menuhin ya kaɗa nasa a New York ranar 26 ga Nuwamba 1944. Ranar 1 ga Disamba aka fara kaɗa babban aikin a Boston. Likitoci ba su so ya yi tafiyar ba, ya je, ya ji da kunnensa. Jama'a suka karɓa hannu biyu. Koussevitzky ya ce ƙarshen ya yi gajarta, malamin ya rubuta wani mai tsawo, shi ake kaɗawa yanzu. Kuɗi ya fara shigowa, kamfanin Landan ya yi sabuwar yarjejeniya da shi, masu neman sabon aiki suka yi layi. William Primrose, mai kaɗa babban goge, ya nemi kiɗan babban goge a kan dala 1,000.

Daga gida labari marar daɗi yake zuwa. An yi wa Budapest ƙawanya daga Disamba 1944 zuwa Fabrairu 1945, birnin ya ragargaje. Ya samu labarin 'yan uwansa da Kodály suna raye. Yana son komawa, bai ga hanya ba tukuna.

A damina ta 1945, a Saranac Lake, ya riƙa aiki biyu a lokaci guda: na Primrose, da kiɗansa na uku na piyano tare da ƙungiyar makaɗa, wanda yake rubutawa a ɓoye domin ya ba matarsa ranar haihuwarta, 31 ga Oktoba, ta samu abin kaɗawa da zai riƙe ta bayansa. Kukan tsuntsayen Asheville yana tsakiyar kashi na biyu. Suka dawo ƙaramin gidansu a titi na 57 a Manhattan, zazzaɓi ya dawo. Yana kwance yana rubuta kiɗan piyanon, ƙaramin ɗansa ya ja masa layukan gaɓoɓin da suka rage a takarda, shi kuma ya rubuta kalmar "ƙarshe" da harshen Hangari a gaɓar ƙarshe tun bai kai wurin ba. Gaɓa 17 suka rage bai raba wa kayan kiɗa ba aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya rasu ranar 26 ga Satumba 1945 yana da shekara 64. Abokinsa Tibor Serly ya cike gaɓoɓin, aka kaɗa aikin a Philadelphia ranar 8 ga Fabrairu 1946. Na Primrose, wanda ya bari a warwatse cikin takardu, sai Disamba 1949. An binne shi a Hartsdale kusa da New York, a Yuli 1988 'ya'yansa biyu suka mayar da shi Budapest.

Hukunci

Ana yawan cewa Amurka ta bar shi ya mutu da yunwa. Bayanan ba su nuna haka ba. Ya shiga ƙunci na gaske, musamman daga 1942 zuwa tsakiyar 1943, amma bai rasa muhalli ko likita ba, kuma mutane da dama sun tsaya masa.

Wasan piyano ya gaza ne domin an gina shi a kan sunan da ya yi a Turai, sunan kuwa bai tsallako teku da ƙarfinsa ba, shi kuma ba mai sauya kiɗansa don kasuwa ba ne. Ƙin koyar da tsara kiɗa ya jawo wa gidansa wahalar da za a iya kauce mata. Ina ganin nan ya tsananta wa kansa da matarsa, ko da yake dalilinsa ɗaya ne tun yana gida, hijira ba ta sa ya sauya ba.

Aikin Columbia shi aka fi rainawa, ni kuwa ina ganin shi ne ginshiƙin abin da ya biyo baya. Bai sa shi ya rubuta sabon kiɗa ba, wa'adin wata shida shida kuma bai bar hankalinsa ya kwanta ba. Amma mutumin da ya saba shan ruwa daga bakin mawaƙan ƙauye, aka raba shi da ƙauyukan da faifansa, wannan aiki ya ba shi kusan shekara biyu yana sauraron irin muryoyin kowace rana. Da wuya a ce wanda kunnensa ya bushe shekara uku ya tashi daga gadon asibiti ya rubuta aiki mai kashi biyar cikin kwana 55.

Abin da ya buɗe ƙofar a 1943 abubuwa uku ne da suka haɗu a wata uku: zazzaɓi ya lafa, an samu wuri mai shiru wanda wani ya biya, sannan aka nemi aiki a wurinsa, da lada, da ƙungiyar da za ta kaɗa shi. Ba za a iya raba su a ce wannan ne kaɗai ba, domin sankarar jini irin tasa takan lafa ta dawo. Sai dai na ukun shi ne wanda ya rasa tun 1940. Szigeti da Reiner sun san mutuminsu: sadaka zai mayar, aiki kuwa zai karɓa ko yana kwance. Ɓoye hannunsu da suka yi ya kare masa mutunci, ban ga laifinsa ba. Ɓoyewar likitoci daban ce. Al'adar zamanin ce, amma mutumin da ke da manyan ayyuka biyu a gabansa ya cancanci sanin yawan lokacin da ya rage masa, ko da jikinsa ya riga ya gaya masa.

Akwai abin da duk taimakon bai warware ba. Manyan kundayen waƙoƙin gargajiya da ya tsabtace a Amurka, na aikin da ya ba shekara kusan arba'in na rayuwarsa, bai samu mai buga su ba yana raye. Ya kai na Romaniya da na Turkiyya ɗakin karatun Columbia ya ajiye. Littafin waƙoƙin matan Yugoslabiya ya fito a 1951, na Romaniya ya fara fitowa a 1967, na Turkiyya kuwa sai 1976.